Gauraka a Bayan Motar Albasa

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, duk wanda ya iya riƙe burushi ya ci abinci. Allon kanti, allon makaranta, ƙofar mota, duk inda tsohon suna yake sai an goge an rubuta sabo. Masu fenti suka yi ta kwararowa Birnin Kebbi daga ko'ina, wasu har da baƙin gilashi da akwatin kaya mai kwaɗo. A tashar Jega kuwa mutum ɗaya ne ke da rumfar fenti, sunansa Muntari. Shekararsa goma sha ɗaya a cikinta, gindin wata bishiyar dogon yaro, daura da teburan mahauta.

Filin rumfar ba nasa ba ne. Na Alhaji Ya'ƙub ne, wani babban mai fataucin albasa a Aliero, wanda motocinsa uku ke kwana a Jega. Shi ya ba shi wurin ya zauna, don ya riƙa duba masa fentin motoci.

Muntari ba rago ba ne, hannunsa kuma ba ya rawa. Aibinsa ɗaya ne. Yadda ubangidansa ya koya masa a Sakkwato haka ya riƙe, bai taɓa tambayar dalili ba. Yana da kwalaye da ya yanke, na zaki, na doki, na masallaci. In mota ta zo sai ya auna taƙi uku daga hagu, taƙi biyu daga ƙasa, ya manna kwali, ya bi gefensa da alli, ya cika da fenti. Motocin da ke zuwa wurinsa kusan duk kafinta ɗaya ya ƙera bodinsu, shi ya sa zanen ke faɗawa tsakiya. Shi kuwa ya ɗauka gwanintarsa ce.

Da rani, ana tsakiyar cirar albasa, Alhaji ya kira shi ya ce yana son alama ɗaya a bayan motocinsa duka uku, yadda masu saye a Kurmi za su hango daga nesa su san kayansa ne suka iso. Gauraka yake so, irin waɗanda ke sauka a fadamar gonarsa, da tukkunsa da dogon wuya. Aka fara da babbar motar, wadda wani direba Sabo ke ja.

To, bayan irin waɗannan motoci ba ƙofa ba ce guda. Katakai ne masu faɗi da ake zurawa ɗaya bisa ɗaya, tsakanin ƙarafa biyu masu rami a dama da hagu. Da rani, da yake albasa ba ta da nauyin hatsi, sai a ɗaga bodi a jibga buhuna, a zura katako tara. Da damina in an koma ɗaukar siminti da gero, sai a zare uku na sama, shida su rage. Kowa a tasha ya san haka. Muntari ma ya sani, amma ranar da ya tsaya gaban motar, katako tara ya gani, a kan tara ɗin kuma ya yi aiki. Ya yanke sabon kwali mai girma, ya zana gauraka tun daga ƙasa har sama, tukkunsa ruwan zinariya, kumatunsa fari da ja. Mutane suka taru suna kallo. Har wani mai shayi ya ce saura kuka kawai.

Wata uku motar na kai da komo da tsuntsunta. Sai ruwa ya sauka.

Wata ranar kasuwa da hantsi, Muntari na dama fenti, sai ya ji mahauta sun kwashe da dariya. Ya ɗaga kai. Motar Sabo ce ta shigo tana juyawa, katako shida a bayanta. Ga ƙafafu, ga jiki, ga wuya ya miƙe sama, daga nan kuma babu komai. Kan gauraka na can Aliero jingine a zaure.

Ɗantsoho, babban mahautan, ya ɗaga wuƙarsa sama ya yi kira. "Sabo! Wa yay yanka muku shi? An dai yi bismilla ko? In mushe na, kak ka matso da shi kusa ga teburina!"

Sabo ya diro daga mota, fuskarsa a murtuke, ya nufo rumfa. "Mai fenti, ka kashe ni. Tun daga Koko har Yawuri yara na bi na da ihu. Wani ɗan sanda ya tsai da ni, na miƙa takardu, yac ce ba su shika so ba, shi dai in gaya mai wa yac ci kan."

Muntari ya fito ya dubi bayan motar. Ya ce a ba shi motar kwana biyu. Ya shafe tsohon zane, ya yanke ƙaramin kwali, ya zana gauraka a cikin katako shida. Daga nan ya ɗauki wannan kwalin ya nufi ƙaramar motar Alhaji, wadda wani kafinta daban ya ƙera, bodinta tsukakke. Ya auna taƙi uku daga hagu kamar kullum. Sai da ya cire kwali ya ja baya ya ga tsuntsun ya maƙale a dama, bakinsa ya shige bayan ƙarfe.

Alhaji Ya'ƙub ya zo da kansa. Dattijo ne mai sanyin murya, irin waɗanda ba su faɗa sau biyu. Ya dubi ƙaramar motar. Ya koma ga babbar, ya sa aka ɗauko wasu katakai uku aka zura a sama, kamar yadda za ta kasance in rani ya dawo. Gauraka ya koma can ƙasa, ƙanƙane, da fili fetal a kansa, kamar ɗan tsako a gindin rijiya.

"Muntari," in ji Alhaji, "motata ba allon kanti ba ta. Tana tsawo tana gajarta, kuma ba su zan faɗi ɗaya ba. Abin da nika so, in gan shi daidai ko tara ko shida, ga babba da ƙarama. Akwai wani mai fenti daga Birnin Kebbi, sau biyu shina zuwa gidana neman wurin ga. Ban ba shi ba, don kunyar shekarunka. Na ba ka kwana goma. In ya gagara, ka kwashe kwalayenka."

"Ranka shi daɗe, in sha Allahu..."

"Kwana goma," Alhaji ya maimaita, ya shiga motarsa.

Kwana huɗu Muntari ya yi yana yanka kwali yana zubarwa. In ya yi babba, kai ya tafi da damina. In ya yi ƙarami, ya nutse da rani. Ya gwada sa shi a katakan tsakiya, ya ga ko ta wace hanya akwai lokacin da zai karkace. Rana ta biyar ya rufe rumfa, ya hau motar Maiyama, daga can ya taka zuwa Giwa Tazo, garin mahaifinsa. Ba dabara ya je nema ba. Ya je ne ya tambayi Gudiya, ƙanwar mahaifinsa, ko akwai sauran gonar gado da zai kama in an kore shi daga tasha.

Ya same ta a tsakar gida gaban murhu, da ƙore jibge a gefenta. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa mai kaifin baki, sana'arta zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi. Wuƙaƙe uku ne a cikin garwashi, in ɗaya ta huce ta mayar ta zaro wata. Suka gaisa, ya zauna bisa turmi, ya kwashe labari ya gaya mata, ya ƙare da maganar gona.

Gudiya ba ta ɗago kai ba. "Gona? Da waɗanga hannuwa naka masu kama da na amarya? Gero shi ji labari shi ƙi tsira. Miƙo mini masakin can."

Ya miƙa mata. Ta zari tsinken kaba, ta ɗora daga wannan baki, ta bi ta gindi zuwa wancan baki, ta tsinke. Ta ninka shi biyu, inda ya karye ta ɗiga baƙi da tsinin wuƙa. Ta sake ninkawa, ta sake, ta yi ta ɗiga alama a jikin masakin. Ta ajiye, ta ɗauki ɗan ƙoƙon da bai fi tafin hannu ba, ta yi masa haka nan da wani sabon tsinke. Muntari yana kallo ne kawai irin kallon wanda hankalinsa ke wani wuri.

"Kai da mi kaka awo?" ta tambaye shi.

"Da taƙi, Goggo. Uku daga hagu, biyu daga ƙasa."

"Taƙin wa?"

"Nawa."

"To taƙinka mi yas sani game da motar Alhaji? Shi yaƙ ƙera ta?" Ta yi tsaki. "Shekara arba'in ina wanga aiki, ban taɓa ganin ƙwarya biyu da sunka zo ɗaya ba. Da hannuna nika awo da na bar sana'a tun ina budurwa. Ƙwaryar aka tambaya, ita ta san girmanta. Ka ɗauki faɗinta, ka ninka, ta nuna maka cibiyarta da kanta."

Muntari ya gyara zama. Wannan kam ya gane. Igiya daga ƙarfe zuwa ƙarfe, a ninka biyu, ga tsakiya, ko motar mai faɗi ce ko tsukakkiya. A ninka takwas, a raba kwali shi ma takwas, sai tsuntsu ya girma ko ya ƙanƙance tare da motarsa.

"Wannan ya raba ni da faɗi, Goggo. Amma tsawon fa? Mota ɗaya ta, yau tara gobe shida."

Tsohuwa ta laluba cikin waɗanda ta gama, ta zaro ƙore biyu, ta kife su gabansa. Bakinsu ɗaya, amma guda mai zurfi ce, guda kuma shimfiɗaɗɗiya kamar faranti. Kowace da fure a gindi, da jerin haƙora a zagayen baki, da layuka da suka sauko daga furen zuwa haƙoran.

"Diba da kyau, ba kallon kasuwa ba. Huren ga da wancan?"

"Ɗaya na."

"Haƙoran baki?"

"Ɗaya."

"To ina zurhin yat tahi?"

Ya ɗauki mai zurfin ya juya ta a hannu. Layukanta dogaye ne. Na ɗayar gajeru, kamar an datse su.

"Su ɗai aka ja," in ji Gudiya. "Hure in ka ja shi ya lalace, shi koma kamar an taka shi. Miƙaƙƙen layi ko, ja shi daga nan har Maiyama, layi na. Ka rage shi, layi na. Kowane zane akwai inda aka taɓawa, akwai inda ba a taɓawa." Ta zaro wuƙa daga wuta, ta hura toka. "Shi tsuntsun naka dut jikinai hure na? Ba shi da wani abu miƙaƙƙe?"

Muntari ya ƙura wa ƙoren ido. Ƙaurin ƙwarya ya tashi, tsohuwa ta ci gaba da aikinta kamar ba ta ce komai ba. Can sai ya miƙe tsaye har turmin ya faɗi.

"Ƙahwahu, Goggo!"

"To ka tada mini turmi. Kuma ka ci tuwo kahin ka tahi, ba a shigo mini gida a hita da yunwa."

Washegari da sassafe yana tasha. Ya sayi igiya, ya sa Sabo ya juyo da babbar motar, ya ce a zare katakan duka a jera a ƙasa. Ya shafe su da shuɗi mai haske. Ya auna faɗi da igiya, ya ninka, ya ja layin alli a tsakiya. Da ninki ɗaya ya yi awon kwance da na tsaye, don kada tsuntsu ya yi ƙiba ko ya rame. A katako na ƙasa ya zana ruwa da ciyawar fadama mai kauri. A biyar na sama ya zana gauraka tun daga tukku har gwiwa, ya tabbata gwiwar ta ƙare a cikinsu. Uku ɗin da ake zarewa kuwa bai sa musu komai ba sai sandunan ƙafa biyu, baƙaƙe, miƙaƙƙu daga wannan gefe zuwa wancan, duka ukun iri ɗaya.

Sabo ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu. "Mai fenti, ka sha wani abu? Waɗanga na bisa na. Ƙahwa za ka ɗora mai bisa kai?"

"Ba bisa za su ba. Tsakani za su, daga na ƙasa sai su."

"Tun da anka fara mota, bisa aka ƙari."

"Sabo, in kun isa Kurmi za ku sauke kaya, katako nawa kuka zarewa?"

"Dut."

"In kun ƙare?"

"Mu mayar."

"To mi za shi rage ku in kun mayar da ukun ga a tsakani? Nauyinsu za shi ƙaru?"

Sabo ya sosa ƙeya. Ya ce 'yan lodi ba karatu gare su ba, za su hautsina. Muntari ya ɗauko zarto ya yi wa kowane katako tsaga a gefe, ta ciki, na ƙasa ɗaya, na bisansa biyu, haka har shida. Ukun ƙafa bai yi musu tsaga ba, tun da duk wanda ya riga shiga daidai ne. Sabo ya gwada da kansa sau biyu yana gunaguni. A na uku ya daina gunagunin, ya tafi ya kawo ƙaramar motar ba tare da an ce masa ba.

Kwana huɗu Muntari bai zauna ba sai don salla. Kowace mota da igiyarta, kowace da nata kwali da ya fitar daga ninkin igiyar. Rana ta goma, bayan azahar, motoci uku suka jeru a ƙofar gidan Alhaji Ya'ƙub a Aliero, baya ga zaure. Manoman albasa da ke zaune a inuwa suka taso.

Alhaji ya fito da carbi a hannu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Kowace da katakanta cikakku, gauraka a tsakiya cif, tsaye bisa dogayen ƙafafu a bakin ciyawa. Na ƙaramar motar ƙarami, na babbar babba, amma kai ka ce uwa ɗaya ta ƙyanƙyashe su. Ya tsaya ya daɗe.

"Na ga rani," in ji Alhaji. "A nuna mini damina."

'Yan lodi suka hau. Suka zare katakai, suka ware uku gefe, suka mayar da shida. Jikin gauraka ya sauko ya zauna dab da ruwa, gwiwarsa a cikin ciyawa, kansa da tukkunsa suna nan lafiya lau. Wani tsoho a cikin manoman ya tafa hannu.

"Wallahi haka suke! In fadama ta cika, haka kaka ganin su, ruwa har ga ciki."

Alhaji ya sa aka mayar da ukun, tsuntsu ya miƙe. Ya sa aka sake zarewa, ya sake shiga ruwa. Sai da aka yi haka sau uku, mutane na dariya, 'yan lodi na haki. Sannan ya juyo.

"Wa yak koya maka wanga?"

Da wani ne cikin samarin yanzu, da ya bugi ƙirji ya ce daga kansa ya fito. Muntari ya sunkuyar da kai ya ce, "Goggona ta, ranka shi daɗe. Mai zanen ƙwarya, can Giwa Tazo."

"Allah shi yi mata albarka. Koma rumfarka. Mutumin Birnin Kebbi in ya dawo na san abin da zan gaya mai." Ya ƙara da cewa, "Ƙanena na da motoci biyu. Gobe za su zo."

Muntari ya durƙusa a gabansa. Sai hamdala kawai yake ta yi a hankali.

Bayan mako guda Sabo zai yi kudu da gero. Muntari ya roƙe shi su ratse ta Giwa Tazo. Sabo ya ce hanyar laka ce, in sun kafe shi zai tura, amma ya karya sitiyari. Muntari ya riƙo turmin atamfa da goro, da gwangwanin fenti fari da shuɗi, don ya lura ƙofar ɗakin tsohuwar duk ta kwaile. Mota ta tsaya a bakin gari, yara da mata suka fito. Aka kira Gudiya. Ta zo tana dogara sanda, ya tsuguna ya ajiye kayan a gabanta.

"Goggo, ban san da wane baki zan gode miki ba. Kin tsai da ni bisa abincina."

"Tashi, kak ka ɓata wandonka. Ni mi niy yi? Ƙwarya biyu nik kihe maka." Ta ture shi gefe da sanda. "Bari in ga abin da anka ɗaga mini hankali a kai."

Ta tsaya bayan motar, ta karkata kai dama, ta karkata hagu. Ta sa Sabo ya nuna mata inda ƙafafun ke shiga. Ta gyaɗa kai.

"Ya zamna daidai. Amma idon ga mataccen ido na. Baƙi ƙirin, ba ya kallon kowa."

Muntari ya duba, ya ga gaskiyarta. Ya buɗe gwangwanin fari, ya tsoma ƙaramin burushi, ya miƙa mata da hannu biyu. Aka kawo turmi, Sabo ya riƙe ta ta taka, tana faɗa masa kada ya sake ta ya kashe wa mutane tsohuwa. Ta ɗiga fari ƙwaya ɗaya a cikin baƙin idon, ta sauko.

"To, yanzu shina ganin hanya. Kai direba, ja motarka. Kai ko zo ka ga ƙohwar, tun da ka ce aiki kaz zo yi."

Sabo ya tada mota ya yi gaba. Muntari ya ɗauki gwangwanayensa ya bi bayanta zuwa cikin gida.